Mutum Ashirin da Ba Su Shiga Da'ira Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni malamar lissafi ce a wata ƙaramar sakandaren gwamnati a ƙasar Argungu. Labarin da zan bayar na darasi ɗaya ne tak a manhajar aji biyu, wanda yawancin malamai kan gama cikin mako guda su wuce gaba: zanen da'ira, wadda ake yanyanka ta gida-gida don a nuna yadda amsoshin mutane suka kasu bayan an yi musu tambaya. Ta ƙofar wannan darasi na shiga lissafi ina yarinya, shi ne kuma ya fitar da ni daga aji ya kai ni tsakar gidajen ɗalibaina bayan na girma.

An haife ni a 1991, shekarar da aka cire jihar Kebbi daga Sakkwato, a wani ƙauye da ke bakin fadama. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, manomin shinkafa ne, amma ya yi karatun fiƙihu mai zurfi, har ya zama in an yi rasuwa a ƙauyenmu ko maƙwabta shi ake kira rabon gado. Da tsakuwa yake aikinsa. Zai share ƙasa a zaure, ya zube tsakuwa 24, ya fara warewa. Ni ce mai kai wa baƙi ruwa, don haka nakan raɓe a bakin ƙofa ina kallo. Tun ban iya rubuta sunana ba na san matar mamaci tana da sumuni, wato ɗaya bisa takwas, in akwai 'ya'ya, rubu'i, ɗaya bisa huɗu, in babu, uwa kuma sudusi, ɗaya bisa shida, in ɗan nata ya bar zuriya. Na san sumunin 24 uku ne, sudusinta huɗu. In abin da ya rage bai rabu daidai tsakanin 'ya'ya ba, sai ya ninka tsakuwar sau uku ta koma 72, ya sake warewa.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne, hannunsa ba ya kai wa ga tsakuwa ko ɗaya sai ya gama tambaya. Su wa mamacin ya bari? Akwai ɗan da ya tafi cin rani Kurmi aka daina jin ɗuriyarsa? Akwai wata matar a wani gari? Cikin matan akwai mai juna biyu? In aka ce akwai, sai ya tattara tsakuwarsa ya ce a dakata har ta haihu, kamar yadda mazhabar Malikiyya ta tanada. Magada kan ƙosa, wasu har su yi gunaguni a fili. Shi kuwa ko a jikinsa.

Na shiga firamare a makare, ina shekara takwas, a 1999, shekarar da Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato. Da safe makaranta, da yamma tallan dafaffiyar gyaɗar Inna. Na faɗi wannan ne domin in na zo maganar talla a gaba, a san cewa tiren ya zauna a kaina shekaru.

A aji biyu na ƙaramar sakandare malaminmu, wani bawan Allah daga ƙasar Zuru, ya zana da'ira a allo ya ce duk zagayenta digiri 360 ne. Ya rubuta ƙa'idar da kowane ɗalibi ke haddacewa: a ɗauki yawan masu amsa iri ɗaya, a raba da yawan duk waɗanda aka tambaya, a ninka da 360, abin da ya fito shi ne faɗin kusurwar yankinsu. Ajin ya yi tsit, kowa na kwafa. Sai ya yanki wani ɓangare ya rubuta 45 a ciki, ya tambayi kashi nawa ne na da'irar. Ban lissafa komai ba, idona ne ya gane shi. Na ɗaga hannu na ce ɗaya bisa takwas. Rabon matar mamaci ne nake gani a allo.

Da na koma gida na ɗauki ma'aunin kusurwa, ɗan robar nan da ke cikin gwangwanin kayan lissafi, na zana mas'alar da na sha ganin Baba yana warwarewa: mamaci ya bar mata, da uwa, da ɗa namiji, da 'ya mace. Tsakuwa 72, kowace ɗaya digiri biyar. Mata tana da tara, digiri 45. Uwa sha biyu, digiri 60. Ɗa namiji 34, digiri 170. 'Ya mace 17, digiri 85. Na tara, suka ba ni 360 cif, babu ragi babu ƙari. Na kai masa takardar bayan sallar isha'i, ya matso da ita kusa da fitila ya daɗe yana dubawa.

"Wagga da'ira ita ce dukiyar duka?"

"I, Baba."

"Bayan an fidda kuɗin likkafani, an biya bashi, an zartar da wasiyya, ko kafin?"

Na ce bayan. Ya ce to in rubuta hakan a ƙasan zanen, don wanda bai san labarin ba zai ɗauka duk abin da mamacin ya mallaka ne aka raba. Daga nan ya sa na zana masa zakkar shinkafa: ushuri, wato ɗaya bisa goma, ga wadda ruwan sama ko ambaliyar fadama ta shayar, digiri 36, da rabin ushuri ga wadda aka sha wahalar yi wa ban-ruwa, digiri 18. Ya naɗe takardun ya sa cikin gafakarsa. A daren ne na ji Inna tana yi masa maganar aurena yana ce mata a bar yarinyar nan ta gama karatunta tukuna.

A Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, inda na yi NCE, na samu amsar abin da ya daɗe yana yi mini yawo a kai, wato me ya sa 360 ba 100 ba. Ana danganta wannan lamba da mutanen Babila, ƙasar Iraƙi ta yau, waɗanda ƙirgarsu ke tafiya sittin-sittin, kuma daga gare su muka gaji minti 60 a awa. Daɗin 360 shi ne tana rabuwa da biyu, da uku, da huɗu, da biyar, da shida, da takwas, da tara, da goma, da sha biyu, ba tare da saura ba. Ɗari ba ta rabuwa uku daidai, ba ta rabuwa shida, ba ta rabuwa takwas. Shi ya sa duk kason gado da Allah ya ambata a Suratun Nisa'i ke zama daram a cikin da'ira. A nan kuma na ji cewa wani mutumin Sikotilan, William Playfair, shi ya fara buga irin wannan zane a 1801, shekara uku kafin hijirar Shehu Usmanu daga Degel zuwa Gudu, inda ya nuna yadda ƙasar daular Usmaniyya ta Turkiyya ta kasu tsakanin Asiya da Turai da Afirka. Wadda labarinta ya fi taɓa ni ita ce Florence Nightingale, ma'aikaciyar jinya 'yar Ingila. Bayan yaƙin Kirimiya, a 1858, ta fitar da wani zane mai kama da wannan, ta nuna wa mahukunta cewa sojojin da cututtuka suka kashe a asibitocin sansani sun fi waɗanda raunin yaƙi ya kashe nesa ba kusa ba. Da zane ta yi magana da manya, suka saurara.

Da na fara koyarwa sai na ga littattafanmu sun mayar da darasin wasan yara. Kullum tambayar ita ce 'ya'yan itacen da ɗaliban wata makarantar da babu ita suka fi so, ko wasan da suka fi sha'awa. A jarrabawar ƙarshen ƙaramar sakandare, da WAEC da NECO daga baya, salon bai cika sauyawa ba: a ba ka kusurwoyi a ɓoye ɗaya ka nemo ta ta hanyar ɗebewa daga 360, ko a ce yanki mai digiri 72 mutum nawa ne cikin 200, ka ce ɗaya bisa biyar ne, wato 40. Dole yaro ya iya wannan, kuma ina koyar da shi har ya zauna. Amma na sha ganin wadda ta ci wannan tambaya tas, in ka nuna mata zanen ka ce to me ya gaya miki game da mutanen, sai ta sunkuyar da kai. Wannan shirun yana damuna ƙwarai, domin lissafin da ba ya faɗa wa yaro komai game da mutane, da ya fita daga ɗakin jarrabawa zai zubar da shi.

Saboda haka wata shekara, a zangon karatu na biyu, lokacin da shinkafar rani ta fara nuna, na ce mu ajiye littafi mu yi namu binciken. Tambaya ɗaya: me ya fi hana ka zuwa makaranta? Yaran da kansu suka kawo amsoshi huɗu muka rubuta a allo, kowa ya ɗaga hannu sau ɗaya. Ranar mutum 40 ne a aji, kowane ɗaya digiri tara ke nan. Rashin lafiya ya samu mutum 20, rabin da'ira, digiri 180. Aikin gona, wanda a wannan lokacin yawanci korar tsuntsayen jan-baki ne daga shinkafa, mutum 10, digiri 90. Talla mutum shida, digiri 54. Nisan gida mutum huɗu, digiri 36. Na ɗaure alli a bakin igiya, wani yaro ya danne ɗaya bakin a tsakiyar allo, muka zagaya. Zanen ya fito da kyau. Muka rubuta a ƙasa cewa rabin 'yan ajinmu rashin lafiya ne ke hana su zuwa, yaran suna ta murna sun ga kansu a allo.

Sai wata yarinya da ke zama a layin baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu.

"Malama, su waɗanda ba su zo ba yau, ina suke cikin da'irar?"

Na buɗe rajista a gabansu muka ƙirga tare. Suna 60 ne. Mun yi tambaya kan abin da ke hana zuwa makaranta, kuma mutum 20 da abin ya hana su zuwa a wannan ranar ba su da ko digiri ɗaya. Tsigar jikina ta tashi, domin tambayar Baba ce ta fito daga bakin yarinyar da ba ta taɓa ganinsa ba. Na ce mata Allah ya yi mata albarka. Na goge "'yan ajinmu" na rubuta "waɗanda suka zo yau". Na ce kada kowa ya goge zanen, ba mu gama ba.

Na nemi izinin shugaban makaranta, shi kuma ya sanar da mai unguwa. Da yamma bayan la'asar nake fita, da 'yan mata biyu masu nuna mini gidaje. Mazan da ke fadama kuwa 'yan ajinsu suka bi su har bakin gona da takarda. A nan na ga abin da rajista ba ta nunawa. Rajista alamar "bai zo ba" kawai take da ita, iri ɗaya ga kowa. A gida kuwa kowace alama da labarinta.

Wata uwa ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo ruwa, muka gaisa, na ce, "Yaya, na zo ne kan 'yar nan taki, kwana biyu ba mu gan ta ba." Ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce, "Malama, in ba ta ɗauki tallan ba, da mi zan yi mata kayan ɗaki? Ranar da aka kai ta ba gado ba kwano, ni za a zaga, ba makaranta ba." Ban yi mata wa'azi ba, don na san wannan tsoron, a gidanmu na tashi da shi. Na tambaye ta ko cinikin safe ya fi na yamma. Ta ce ƙosai da koko ai na safe ne. A wani gidan yaron na nan lafiyarsa ƙalau, yana zaune a zaure. Wandon makarantarsa ne ya yage har ba ya ɗinkuwa, an taɓa koro shi kan ya zo da kayan gida, shi ke nan ya daina zuwa. Uku muka samu irinsa. Wannan amsa ba ta cikin huɗun da muka rubuta a allo, saboda duk wanda ke aji ranar yana sanye da inifom ɗinsa, ba wanda zai tuna da ita.

Da amsoshin ashirin ɗin suka cika, tara talla, biyar gona, uku rashin inifom, biyu rashin lafiya, ɗaya nisa, muka zana da'ira ta biyu kusa da ta farko. Yanzu mutum 60 ne, kowane digiri shida. Rashin lafiya mutum 22, digiri 132. Gona 15, digiri 90. Talla 15, digiri 90. Nisa biyar, digiri 30. Rashin inifom uku, digiri 18.

Mun shafe darasi biyu cur muna kallon zanen nan biyu, kuma ban taɓa jin daɗin koyarwa kamar wannan lokacin ba. Yaran ne suka riƙa tono abubuwa da kansu. Ɗaya ya ce yankin rashin lafiya ya ragu daga rabi zuwa ɗan sama da sulusi, wato ɗaya bisa uku, alhali masu ciwon ƙaruwa suka yi da mutum biyu. Wata ta lura yankin gona bai motsa ba, digiri 90 a can 90 a nan, ga shi mutanen sun tashi daga 10 zuwa 15. Wani ya ce na nisa ma ƙanƙancewa ya yi daga 36 zuwa 30 bayan an samu ƙarin mutum. Sun rikice da farko, har wani ya ce lissafin ya yi ƙarya. Na ce lissafi bai yi ƙarya ba. Yanki ba ya faɗin yawan mutane, matsayinsu cikin jimla kawai yake faɗa. Rabin mudu da rubu'in buhu, wanne ya fi yawa? Suka ce rubu'in buhu mana. Na ce to duk wanda ya nuna muku da'ira biyu ya ce ku kwatanta, ku fara tambayarsa nawa ke cikin kowace. Talla kuwa, da ta tashi daga 54 zuwa 90, ba ta buƙaci bayanina ba. Sun san su wa ke cikin yankin, ƙawayensu ne.

Akwai abin da ko da'ira ta biyu ba ta kama ba. Bayan an tashi, wasu manyan 'yan matan ajin suka same ni ni kaɗai, suna ta noƙe-noƙe, daga bisani ɗaya ta yi ƙarfin hali. Ashe da yawa daga cikin waɗanda suka ɗaga hannu a rashin lafiya ba zazzaɓi suke nufi ba. Kwanakin al'adarsu ne suke zama a gida, domin makewayin makarantar ba shi da ƙyaure, ba kuma ruwa a kusa. Wace yarinya ce za ta faɗi wannan da ɗaga hannu a gaban maza? Babban yankin nan da muka lulluɓe da suna ɗaya, abu biyu ne mabambanta a cikinsa, maganinsu ma ba ɗaya ba. Tun daga ranar na daina tambaya da ɗaga hannu. Kowa ya rubuta a 'yar takarda ba suna, ya jefa a kwali, kuma kullum ina barin gurbi ga wanda amsarsa ba ta cikin jerin.

A taron iyaye da malamai na ƙarshen zango na manna zanen biyu a bango. Yawancin iyayen ba su yi boko ba, amma ba wanda ya kasa gane yanki babba da ƙarami. Wani dattijo masunci ya nuna yankin digiri 18 da sandarsa ya ce, "Malama, wanga ɗan tsito, ɗiya nawa ne ciki?" Na ce uku ne, Baba. Ya ce, "Uku kaɗai, kuma muna zaune?" Kafin a watse an haɗa kuɗin yadi, wani tela cikin iyayen ya ɗauki ɗinkin. Maganar makewayi matan da ke wurin na faɗa wa a gefe, su suka san yadda suka isar da ita ga mazansu. Aka sa ƙyauren kwano, aka ajiye randa da buta.

Ta talla ba ta zo da sauƙi haka ba, kuma ba zan ce ta warware ba. Wasu iyaye mata sun yarda sun koma sana'ar da ake fita da ita da yamma, 'ya'yansu suka dawo. Wasu sun ce ba za su iya ba, na kuma fahimce su. Biyu daga cikin 'yan matan an aurar da su kafin su shiga aji uku. Har yau in na haɗu da ɗaya daga cikinsu a hanyar asibiti da goyonta, takan durƙusa ta gaishe ni, ni kuma zuciyata ta yi nauyi, don kanta na ja a lissafi.

Lokacin ambaliyar 2020, da ruwa ya shanye gonakin shinkafa a faɗin jihar nan, alƙaluma suka yi ta yawo a rediyo da WhatsApp da Facebook, kashi kaza cikin ɗari sun yi asara, kashi kaza sun samu tallafi. Tsofaffin ɗalibaina suka riƙa kawo mini irin waɗannan zane a waya, kuma tambayoyin da suke yi sun sa na gode wa Allah. Mutum nawa aka tambaya? Ta waya aka tambaye su? To wanda ba shi da waya fa, ko wanda ruwa ya kora daga gidansa ranar da masu rubutu suka zo? Wani ya tara kason wani zane ya ga sun haura ɗari, ya gane an bar mutum ɗaya ya zaɓi amsa fiye da ɗaya, abin da bai dace a zuba shi a da'ira ba sam. Wata ta nuna mini zanen da aka karkata shi don ado, yankin da ke gaba ya yi kamar ya fi na baya girma alhali lambarsa ce ƙarama. Ba na koya musu ƙaryata duk abin da suka gani. Yawancin masu bincike da gaskiya suke aikinsu, kuma mai gaskiya yakan rubuta yawan waɗanda ya tambaya da inda ya same su. Abin da nake so shi ne su nemi wannan rubutun kafin su gyaɗa kai.

Yarinyar da ta yi tambayar nan ta gama babbar sakandare, yanzu tana karatun aikin lafiya. Rajistar ajina ta bana tana da suna 72, kowane ɗaya digiri biyar. Tambayar da yaran suka zaɓa ita ce inda gidansu ke samun ruwan sha: rijiya, ko tuƙa-tuƙa, ko gulbi, ko 'yan garuwa. Takardun waɗanda ke aji suna cikin kwali ban buɗe ba tukuna. Sha ɗaya ba su zo ba ranar da muka rubuta, na raba sunayensu ga maƙwabtansu, biyu da ke can ƙetaren fadama kuma ni zan je da kaina ranar Asabar in Allah ya kai mu.